Ciwon Kasalar Tumbi Da Yadda Iyayena Suka Yi Fama Da Shi

 Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Ni dai ban san nauyin wannan magana ba sai da ciwo ya shigo gidanmu ya sami wurin zama. Da yawa daga cikinku sun san ƙanwata, wadda muke kira Auta a gida, kun kuma ga yadda ta rame, har ta bar kwana a makaranta ta koma jeka-ka-dawo. Waɗansu sun tambaye ni abin da ke damunta, waɗansu kuwa sun yi ta raɗe-raɗe a bayan idonmu. To, da izininta da na iyayenmu na ɗauki alƙalami domin in bayyana wannan ciwo, in kuma faɗi abin da na ga Baba da Inna sun yi a kansa, ko Allah ya sa ya amfani wani gida wata rana.

Yadda Abin Ya Fara

A damunar 2022, sa'ad da Auta take da shekara 14, ta yi zazzaɓi da amai da gudawa na kwana uku, irin wanda kowa yakan yi ya warke. Zazzaɓi ya sauka, gudawa ta tsaya, amma amai ya ƙi tafiya. In an zuba mata abinci, loma uku ko huɗu sai ta ce ta ƙoshi. Cikinta ya riƙa kumbura, zuciyarta na tashi tun safe har dare. Abin da ya fi ɗaure wa Inna kai shi ne, in Auta ta ci tuwo da dare, sai ta amayar da shi da asuba, har ana iya gane miyar da ta ci da shi, sai ka ce yanzu ta haɗiye.

Daga nan kowa ya zama likita. Mai kantin magani ya ce olsa ce. Wani ya ce taifot ne. Wata gwaggonmu ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. Wata maƙwabciya kuwa ta ja Inna gefe ta raɗa mata wata magana wadda ba ta dace a faɗa a kan yarinya mai mutunci ba, Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka. Shi kansa Baba da farko ya ɗauka iyayi ne irin na 'yan auta. Wata rana da dare ya tsaya a kanta ya ce, "Auta, ba za ki tashi ba sai kin cinye tuwon nan." Ta cinye tana hawaye. Kafin tsakar dare duk ya dawo, ta galabaita har ba ta iya tsayuwa. Baba ya kwana zaune a bakin gadonta. Da gari ya waye na ji yana ce wa Inna, "Yarinyar nan gaskiya take faɗa mana, mu ne ba mu saurara ba." Daga ran nan bai sake tilasta mata ko loma ɗaya ba, daga ran nan ne kuma aka shiga neman magani na haƙiƙa. A lokacin ta riga ta zubar da kilo 9 cikin wata 5.

Mene Ne Kasalar Tumbi?

Likitoci suna kiran wannan ciwo gastirofaresis. A gidanmu mun laƙaba masa suna kasalar tumbi, domin sunan ya dace da shi. Ga bayanin da likitan ciki ya yi wa Baba, wanda ni kuma na ƙara bincike a kansa.

Tumbi jaka ce ta tsoka. Aikinsa kamar na turmi da taɓarya ne: yana matse abinci, yana cakuɗa shi da ruwa mai tsami, har ya zama kamar kunu, sa'an nan ya riƙa tura shi kaɗan-kaɗan ta wata 'yar ƙofa zuwa ƙaramin hanji, inda jiki yake tsotse amfaninsa. Wannan matsawa takan faru kamar sau 3 a minti ɗaya. Abin da ke ba da umarni kuwa shi ne wata doguwar jijiya mai suna begas, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya da ƙirji ta sauka ciki. Bayan ita akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta a jikin bangon tumbi, waɗanda aka sa wa sunan wani masani ɗan ƙasar Sifen, Santiyago Ramon i Kahal, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906. Aikinsu kamar na makaɗin gayya ne, watau su ke ba da kiɗan da tsoka take bi. In jijiyar ta sami rauni, ko makaɗan nan suka ragu, sai dakan ya yi sanyi. Abinci ya zauna a tumbi sa'o'i da yawa, alhali babu wani abin da ya toshe hanya. Shi ya sa mai ciwon yake jin ƙoshi da wuri, domin na ɗazu yana nan bai wuce ba.

Abubuwan da ke kawo shi suna da dama. Akwai ciwon sukari wanda ya daɗe ba a kula da shi ba, tun 1958 ma wani likita mai suna Kasanda ya sa wa wannan nau'i suna. Akwai aikin tiyata a ciki wanda ya taɓa jijiyar. Akwai magunguna masu sa tumbi nawa, musamman kodin da tiramadol, abin da ya kamata mu matasa mu lura da shi, ko da yake Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi tun 2018. Akwai kuma wanda yakan biyo bayan ciwon ciki na ƙwayar bairos, wanda likita ya fi zaton shi ne na Auta. A wurin mutane da yawa kuwa, duk binciken da aka yi ba a gano dalili. Ba a ɗaukarsa daga wani, saboda haka babu abin tsoro a cin abinci kwano ɗaya da mai shi.

Yadda Ake Gane Shi

Da farko an zura wa Auta wata siririyar roba mai kyamara ta baki, domin a duba ko akwai gyambo ko toshewa. Ba a ga ko ɗaya ba, sai dai an tarar da sauran abinci a tumbinta, ga shi kuwa tun daren jiya ba ta ci komai ba. Daga nan aka tura mu gwaji na biyu, wanda sai a sashen likitancin nukiliya ake yinsa. Asibitocin da ke da irin wannan sashe a Nijeriya kaɗan ne, alal misali Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, saboda haka sai da Baba ya yi tanadin kuɗin mota da na masauki. A wannan gwaji ana ba mutum ƙwai da burodi waɗanda aka sa wa ɗan sinadari mai nunawa a na'ura, sa'an nan a riƙa ɗaukar hoton ciki har sa'a 4. Ƙa'idar ita ce, in fiye da kashi 60 cikin 100 na abincin ya rage bayan sa'a 2, ko fiye da kashi 10 bayan sa'a 4, to tumbi yana nawa. Na Auta ya haura kashi 35 bayan sa'a 4, wanda likitoci suke lissafa shi cikin mai tsanani.

Ran da aka ba mu takardar sakamako, Auta ta dube ni ta ce, "Yaya, ashe dai ba ƙarya nake yi ba." Wannan magana ta tsaya mini a rai har yau. Wata da watanni ana zarginta, har ita kanta ta fara shakkar kanta.

Yadda Madafar Inna Ta Sauya

Likita ya gaya wa Baba a fili, ya ce, "Malam, babu allura ɗaya da za ta kawar da wannan ciwo. Rabin maganin yana hannun maiɗakinka." Haka kuwa aka yi. Maimakon ci uku a yini, Inna ta raba abincin Auta kashi 6, kowane kashi a ɗan ƙaramin kwano. Abu biyu ne suka fi daɗewa a tumbi, watau maiƙo da abinci mai dusa ko zare. Saboda haka ƙosai da waina da soyayyen nama da tsire da ƙuli-ƙuli suka fita daga kwanonta. Haka kuma wake da ɓawonsa, da kwaɗon zogale, da rama, da aya, da mangwaro mai zare, da tottuwar lemo. Irin waɗannan suna iya dunƙulewa a tumbi mai kasala su zama curi mai tauri, har ya toshe hanya. An kuma hana ta lemon kwalba mai iska, domin yana ƙara kumburi.

Abin da ya rage mata shi ne mai laushi da mai ruwa, domin ruwa yakan wuce ko da tumbi yana nawa: koko da aka tace sosai, kunun shinkafa da madara, kindirmo, dafaffen dankalin turawa da aka dame, tuwon shinkafa mai taushi da miya marar mai wadda aka tace, kifi da aka dafa ba a soya ba, ƙwai, ayaba nunanniya. Inna ta sayi rariya mai ƙananan ido da injin markaɗe. In Auta ta ci sai ta zauna a miƙe, ko mu ɗan zaga tsakar gida tare, ba ta kwanciya sai bayan sa'a 2. In ta yi amai sai ta kurkure baki da ruwa, domin tsamin yana cin haƙora. A ranakun da aman ya yi yawa, Inna takan haɗa ruwan gishiri da sukari, watau ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, Auta ta riƙa kurɓa a hankali.

Wata dabara da ta taimake mu ƙwarai ita ce littafin Inna. Ta sayi littafin rubutu irin namu na makaranta, tana rubuta abin da Auta ta ci, da lokacin, da abin da ya biyo baya. Kowace Asabar kuma Baba ya ɗora ta a ma'auni a rubuta nauyinta. Da wannan littafi muka gane abincin safe ya fi zama mata, na dare ya fi wahalar da ita, sai aka mai da na dare ya zama kunu kawai. In sun je asibiti, likita yakan fara karɓar littafin kafin ya yi wata tambaya.

Magunguna Da Hatsarinsu

Akwai magungunan da ke zaburar da tumbi, amma kowanne da nasa sharaɗi. Metokilofiramid yana iya sa wuyan matashi ya karkace, idanu su kakkafe sama, har wanda bai sani ba ya ce aljanu ne. In an daɗe ana sha kuma yana iya jawo motsin baki da fuska wanda ba ya warkewa, shi ya sa a 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mai ƙarfi, ana kuma guje wa shansa fiye da mako 12. Domferidon yana iya taɓa bugun zuciya, saboda haka sai da aka yi wa Auta awon zuciya kafin a ba ta. Eritiromaisin yana aiki, amma bayan 'yan makonni jiki yakan saba da shi. Duk waɗannan ana samunsu a kantunan magani, amma Baba ya kafa doka cewa babu ƙwayar da za ta shiga bakin Auta sai da takardar likita.

Wannan doka ta shafi masu kawo sassaƙe da jiƙo ma. Baba ba ya yi musu musu, domin ya san don ƙauna suka kawo. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Mun gode, Allah ya saka da alheri, bari mu nuna wa likita." Da wannan magana ya kare 'yarsa, bai kuma ɓata zumunci ba.

A farkon 2023 ciwon ya tsananta, har kunu ma ba ya zama. Aka kwantar da ita, aka sa mata robar ciyarwa ta hanci wadda ta zarce tumbi ta shiga ƙaramin hanji. Inna ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta ce yaya za a ce uwa tana raye 'yarta tana ci ta roba? Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mata, "Hajiya, wanda ya karye akan ɗora shi ya huta. Tumbin ne muke hutarwa." Bayan mako 6 aka cire robar, Auta ta ƙara kilo 3. Ga waɗanda duk wannan bai yi musu ba, akwai na'urar da ake dasawa tana ba tumbi ɗan lantarki, wadda aka amince da ita a Amurka a 2000, akwai kuma aikin sassauta ƙofar tumbi ta hanyar kyamara, wanda aka fara a 2013. Alhamdu lillahi mu ba mu kai nan ba.

Iyayenmu sun kuma haddace alamun da ba a jira da su: in ruwa ma ya ƙi zama yini guda, in fitsari ya ragu ya yi duhu, in jiri yana ɗibarta, in an ga jini ko wani abu baƙi-baƙi a amai, ko ciwon ciki ya yi tsanani fiye da yadda aka saba. Da an ga ɗaya daga ciki, ko da tsakar dare ne, sai asibiti.

Nauyin Da Ba A Gani

Duk abin da na faɗa a sama ana iya rubuta shi a takarda a manna a bango. Abin da ya fi wuya shi ne na zuci. A wurinmu ciyarwa ita ce ƙauna, uwa kuwa ba ta da farin cikin da ya wuce ta ga kwano ya dawo wayam. To, ga Inna ta wayi gari tana koyon cewa "ya isa haka" tun yarinya ba ta ci rabin ɗan kwano ba. Da farko ta so ta hana a soya komai a gidan, domin kada ƙamshi ya dami Auta. Ita Autar ce ta ce a'a, kada a hukunta kowa sabili da ita. Sai aka shirya cewa za ta riƙa zama tare da mu a tabarma da nata kwano, kuma ba wanda zai ƙirga mata loma da ido.

Azumi ma ya zo da nasa. Ran farko Auta ta ɓuya a ɗaki tana kuka, tana ganin kowa ya ɗauka ban da ita. Baba ya zaunar da ita ya tuna mata cewa addini ya ɗauke wa marar lafiya, ya kuma ba ta aikin jera kayan buɗa-baki, domin kada ta ji an ware ta. Da Inna ta lura ta daina dariya ta daina son baƙi, ba ta ɓoye ba, ta gaya wa likita, aka haɗa ta da mai ba da shawara kan damuwa. Ciwo mai daɗewa yakan taɓa zuciya, wannan kuwa ba abin kunya ba ne.

Su kansu iyayen sai da suka koyi kula da kansu. Inna ta yi wata biyu ba ta barcin kirki, har hawan jininta ya tashi. Daga nan suka raba dare: Baba daga lisha zuwa ƙarfe 2, Inna daga nan zuwa asuba, ni kuma in karɓe su ran Asabar. Baba ya sayar da babur ɗinsa domin kuɗin gwaji, Inna ta roƙi 'yan adashinsu suka ba ta ɗauka kafin lokacinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mun ga gaskiyar haka. Ni ma akwai lokacin da na ji kamar an manta da ni. Wata rana Baba ya kira ni ya ce, "Na san mun bar miki kaya da yawa, ki yi haƙuri, Allah ya yi miki albarka." Wannan kaɗai ya wanke mini zuciya.

Game da karatu, Baba ya kawo takardar likita ga shugabar makaranta, aka yarda Auta ta koma kwana a gida, ta riƙa zuwa da goran kunu tana sha a tsakanin darussa, ta kuma fita aji ba tare da dogon bayani ba in zuciyarta ta tashi. Ƙawayenta biyu suka ɗauki nauyin kwafa mata darasi a ranakun da ba ta zo ba. Ta rasa zango guda, amma ba ta bar makaranta ba.

Inda Muke Yanzu

Irin wannan ciwo da ya biyo bayan bairos, sau da yawa yakan yi sauƙi a hankali cikin watanni ko 'yan shekaru. Na Auta ya fara sassautawa a ƙarshen 2023. A Babbar Sallar 2024 ta ci 'yar tsokar nama da Inna ta dafa har ta yi lugub, ta kuma zauna mata. Har yanzu akwai ranakun da sai kunu, amma sun ragu, littafin Inna shi ne shaida.

A ƙarshe ina da roƙo biyu. 'Yan'uwana ɗalibai, in kun ga wata tana ramewa ko tana yawan amai, kada ku yanke mata hukunci, kada kuma ku yi ta ce mata "ci mana". Ku tambaye ta abin da za ku yi mata. Iyayenmu kuma, in yaro ya ce ya ƙoshi alhali bai ci komai ba, kuma abin ya ɗauki makonni yana ramewa, to ku gaskata shi tukuna, ku kai shi asibiti, ku yi ta tambaya har a gano dalili, domin matambayi ba ya ɓata. Baba yakan ce abin da ya fi yi masa ciwo a duk wannan jinya shi ne watanni biyar ɗin da ya yi yana ganin iyayi ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.